Dillalin da Ba Ya Cin La'ada

Shekara goma sha tara ina wankin kwalabe
a labon nan na Harobanda, ƙetaren gada.
Ni na san inda ruwan gwaji ke zuwa in an gama da shi:
shuɗiyar jarka bayan ƙofa,
in jarka ta cika, sai lambatu,
lambatu kuwa ba shi da dangi sai kogi.
Ban taɓa gaya wa Sorkon da ke saida mini karfasa ba.
Nakan biya, in gode, in kau da ido.

Sai bara Cima ta zo daga Tawa
da yumɓu cikin tsohon gwangwanin madara.
Na ce, "Tukunya za ki gina mana?"
Ba ta tanka ba. Ta jiƙa shi da asid kwana guda,
ta wanke, ta sake wankewa,
ta gasa shi a tanda
ya fito gari-gari, ba kyan gani, kamar tokar kara.

"Baba Nomau, wannan dillali ne.
Ga mai saye, ga mai sayarwa,
sai su shekara kan tabarma ɗaya ba wanda ya ce uffan.
Shi zai kama hannun wannan ya ɗora bisa na wancan,
ya ce Allah shi sa albarka,
ya kakkaɓe riga ya tashi. Ko dala ba ya ci."
Na ce duk yawona a kasuwar bisashe
ban taɓa gamuwa da irinsa ba.

Ta auna gari biyu cikin turmin tangaran,
ta barbaɗa yumɓu kamar gishirin mai hawan jini.
Na miƙo mata kwalbar ruwan narkarwa, don sabo,
wadda warinta ya cinye mini hanci
tun gemuna na baƙi.
Ta ce in maida ta kanta.
"To da me za su gauraya?"
"Da hannu."

Minti ashirin tana niƙa.
A na takwas kuran ya ɗauke,
fanka ta tsaya, injin zuƙe iska ya yi gum,
taɓarya ba ta ma ji labari ba.
Gari ya yi gumi, ya yi danƙo, ya kama gefen turmi,
fari ya koma rawaya a gabana.
Na leƙa ina neman dattin da zan kwashe.
Ɗigon ruwa ne kurum, irin na bayan tulu.

Ba zan yi mata ƙarya ba:
sai da cokali uku na alkol mai ɗumi
kafin ta raba kaya da dillali.
Yumɓu ya zauna bisa takardar tacewa,
muka shanya shi, gobe ya koma kasuwa.
Ni ke rubuta lissafi:
casa'in da biyu, casa'in, casa'in kuma, tamanin da bakwai.
Ran zuwa na bakwai, sittin da ɗaya.
Cima ta daɗe zaune, haɓa cikin tafi.
Na ce jaki ma akan sauke masa mangala.
Ta maida shi tanda ya kwana cikin zafi,
da safe ya ba mu tamanin da biyar.
Ita ta so casa'in. Har yanzu tana so.

Jarkarmu tun azumi ba ta kai rabi ba,
gizo-gizo ya yi saƙa a hannunta.
Ta ɗakin da ke kusa da mu kuwa tana cika duk Alhamis,
kuma ni ake kira in ɗauka.
Jiya na saya wa Cima karfasa biyu.
Sorkon ya tambaye ni aikin da nake yi can sama.
Na ce wanki.
Ya ce, to, ruwa ɗaya muke ci ke nan.